Na kashe kwamfuta amma monita ta ƙi kwanciya: waya ce ko katin hoto?

Abu_Hanan

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana wannan fanni. Ina neman a haska mini wata matsala kafin in kashe kuɗi a inda bai dace ba.

Kwamfutar tebur ce mai Windows 10, da katin hoto GTX 1060, wato katin da ke fitar da hoto zuwa monita. Monita biyu ke jikinta. Babbar mai inci 24 ce, an haɗa ta da wayar DisplayPort da aka saya daban a kasuwa, don ba ta zo da tata ba. Ƙaramar tsohuwa ce mai inci 19, ramin VGA kaɗai gare ta, shi kuma katin ba shi da VGA, shi ya sa aka sa kwanbata daga HDMI zuwa VGA. Kwanbatar tana da 'yar wayar USB da ke soke a bayan kwamfutar.

Muddin ana aiki komai lafiya lau. Da an kashe ne abin ke farawa. Babbar takan rubuta No Signal, fitilarta ta koma ruwan goro, ta yi duhu, bayan kamar daƙiƙa goma ta sake farkawa tana neman hoto, ta kuma kwanciya, haka za ta yi ta yi har gari ya waye. Ƙaramar kuwa allonta baƙi ne amma hasken bayansa na nan a kunne, in ɗakin da duhu ana ganinsa sarai, fitilarta ma ba ta canza launi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai: ko na kashe makunnin da ke bayan fawa-fak, wato akwatin da ke rarraba wa kwamfutar wuta, wata 'yar fitila a cikin akwatin tana nan da haske dishi-dishi, ba ta mutuwa sai na kashe babbar monitar daga bango. Wani lokaci kuma da safe in an danna madannin kunnawa shiru kake ji, ko fankoki su juya babu hoto, sai an zare wayar DisplayPort an mayar sannan ta tashi.

Akwai kuma ɗan jan wuta da nake ji a yatsa in na taɓa ƙarfen kan wayar HDMI, ba mai ƙarfi ba. Katin ne ya fara lalacewa, ko monita ce, ko wayoyi? Allah Ya saka da alheri.

DanBirni

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hanan. Ka fara tabbatarwa cewa kwamfutar ta mutu da gaske, domin tun daga Windows 8 da aka fitar a 2012, in ka danna Shut down ba kashewa ta sosai ake yi ba. Akwai wani tsari mai suna Fast Startup da ke zuwa a kunne. Yakan rufe manhajojinka, amma ya ajiye zuciyar Windows da direbobinta, wato manhajojin da ke sarrafa kayan kwamfutar, har da direban katin hoto, a cikin fayil ɗin hiberfil.sys, da safe ya ɗora su kamar yadda ya bar su. In direban ya kwanta da wani kuskure game da monitar da ke jikinsa, da kuskuren zai tashi.

Gane shi ba wuya. Ka kunna kwamfutar, ka buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka danna CPU, ka duba Up time. In yanzu ka kunna amma ka ga kwana uku ko biyar a rubuce, to Fast Startup ke aiki.

Kashe shi: Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, sai ka danna Change settings that are currently unavailable, ka cire alamar da ke gaban Turn on fast startup, ka ajiye. In gwajin dare ɗaya kawai kake so, ka riƙe Shift lokacin da kake danna Shut down, ko ka rubuta shutdown /s /t 0 a Command Prompt. Duka biyun kashewa ce cikakkiya.

Na biyu, ko an kashe ta cikakkiyar kashewa, fawa-fak ba ya barci muddin filoginsa na bango kuma makunninsa na kunne. Yana ci gaba da fitar da 5V ta waya mai ruwan shunayya da ke cikin babban filogi mai fil 24 na madabod, wato babban allon cikin kwamfutar, ita ake kira 5VSB. Da ita madannin kunnawa ke aiki, da ita kuma madabod da yawa ke ci gaba da ba ramukan USB wuta bayan an kashe. Ka shiga BIOS, wato saitin madabod da ke zuwa kafin Windows, ta danna Del ko F2 lokacin tashi, ka nemi ErP Ready ko EuP, a wasu kuma Deep Sleep ko USB power in S5 aka rubuta. In ka kunna ErP, wutar USB za ta yanke da kashewa. Abin da za ka rasa shi ne cajin waya a jikin kwamfuta tana kashe, da tayar da ita ta allon rubutu ko ta wayar intanet.

Ita kuma babbar monitar, ka shiga menu ɗinta ka nemi Auto Select ko Auto Source a wajen zaɓen hanyar shigar hoto, ka kashe shi, ka tsayar da ita a kan DisplayPort. Wasu monitoci in hoto ya yanke sukan dinga zagaya ramukansu ɗaya bayan ɗaya, kowane zagaye kuma sai allon ya haska.

Injiniya_KD

Shawarar Malam DanBirni tana kan hanya, kuma a yi duk abin da ya faɗa. Sai dai akwai alama ɗaya a bayaninka, Malam, da Fast Startup ba zai taɓa haifarwa ba: fitilar da ke ci bayan ka kashe makunnin fawa-fak. Da zarar an kashe wannan makunnin, 5VSB kanta takan tsiyaye cikin 'yan daƙiƙoƙi. Fitilar da ta ci gaba da haske bayan haka daga wani wurin take samun wuta, kuma kai da kanka ka nuna wurin, tunda ba ta mutuwa sai ka kashe monitar daga bango. Wuta ce ke tahowa daga monita zuwa cikin kwamfuta ta wayar DisplayPort.

Ga yadda abin yake. Kan DisplayPort fil 20 gare shi. Goma sha biyun farko na layuka huɗu ne da ke ɗaukar hoto tare da fil ɗinsu na ƙasa, wato ground, 15 da 17 su ne layin AUX da kati da monita ke magana ta cikinsa, 18 shi ne ke shaida wa kati cewa an haɗa monita, na 20 kuma wuta ce, 3.3V, har 500mA. An tanadi wannan wutar ne saboda 'yan kwanbatoci da ake sokawa kai tsaye a ramin, su samu abin da za su yi aiki da shi. Abin lura shi ne ɓangarorin biyu, kati da monita, kowanne yana fitar da 3.3V a nasa fil na 20. Saboda haka ƙa'idar VESA, ƙungiyar da ke da alhakin DisplayPort, ta ce wayar da ke haɗa kwamfuta da monita kada a sa mata zare a fil na 20 sam. A bar shi fanko daga wannan kai zuwa wancan.

Masu ƙera waya mai araha da yawa sukan haɗa duka ashirin ɗin. Lokacin da na'urorin biyu ke kunne ba ka ganin komai, duk da cewa tushen wuta biyu ne ke ture juna a zare ɗaya. Da ka kashe kwamfuta sai nata ɓangaren ya faɗi zuwa sifili, na monita kuma yana nan, sai wutar ta gangaro cikin katin hoto, a wasu katunan ta wuce ta ramin PCIe, inda katin ke soke, har layin 3.3V na madabod. Wutar ba ta isa ta tayar da komai ba, amma ta isa ta kunna fitila dishi-dishi, ta kuma bar wasu ƙwayoyin lantarki, wato chips, na madabod da na katin rabi a farke. Su waɗannan ƙwayoyin sai wutarsu ta sauka ƙasa gaba ɗaya sannan suke farawa daga farko yadda ya kamata. Shi ya sa da safe kake dannawa shiru, kuma da ka zare wayar ka mayar ta tashi: zarewar ce ta ba su damar hucewa. Farkawar da monitar ke yi kowane daƙiƙa goma ma tana iya zama daga nan, domin tana jin alamar rai a ɗaya bakin wayar, ta tashi neman hoto, ba ta samu ba, ta koma.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ka kashe kwamfuta, ka kashe makunnin fawa-fak, ka bar monitar a kunne. Kana kallon fitilar nan, ka zare wayar DisplayPort kaɗai daga bayan kwamfutar. In ta mutu nan take, ka mayar ta dawo, magana ta ƙare, wayar ce. Ka tuna yawancin kawunan DisplayPort suna da 'yan ƙugiyoyi biyu da ke maƙalewa, sai ka danne madannin da ke jikin kan sannan ka ja. Jan ta da ƙarfi ba tare da dannewa ba na iya tumɓuke ramin daga jikin katin.

Wanda ke da mitar awon lantarki zai iya tabbatarwa. A zare wayar daga ɓangarorin biyu, a sa mitar a wajen da take ƙara in waya ta haɗu, a ɗaura siririyar allura a bakin kowane tsinken mitar don fil ɗin ƙanana ne ƙwarai, a taɓa fil na 20 a kai ɗaya da na 20 a ɗaya kan. Littafin monita galibi yana da zanen da ke nuna lambar kowane fil, a bi shi. Waya mai kyau shiru za ta yi. In mita ta yi ƙara, waccan wayar ba ta cika ƙa'ida ba.

Kada ka ci gaba da amfani da ita har sai ka samu wata. In monitar na da ramin HDMI ko DVI, ka koma can na ɗan lokaci. Katinka yana da DVI-D, kuma 1920 a 1080 kan 60Hz ba ya fin ƙarfin DVI.

Ummu_Sadiq

Injiniya ya gama da babbar. Ni ƙaramar zan taɓa, don matsalarta daban ce ko da yake dare ɗaya suke yi.

Monitar VGA ba ta da hanyar da kwamfuta za ta ce mata "an kashe ni". Abin da take sauraro siginar daidaita hoto ne guda biyu, ta kwance a fil na 13, ta tsaye a fil na 14. Tsarin DPMS da VESA ta fitar a 1993 a kan su aka gina shi: in duka biyun na zuwa, monita ta tsaya a kunne, in ɗaya ta ɗauke ta shiga ɗan barci, in duka suka ɗauke ta kwanta sosai, fitila ta canza launi. Launukan hoton, ja da kore da shuɗi a fil na 1 da 2 da 3, ba ruwansu da wannan hukunci. Don haka allo baƙi mai haske a baya, fitila kuma ba ta canza ba, ma'anarsa ɗaya: har yanzu wani abu na aiko mata da siginar daidaitawa, hoton da yake aikowa ne baƙi.

Wannan abin kuwa kwanbatarka ce. HDMI lambobi yake aikawa, VGA kuma igiyar lantarki ce mai hawa da sauka, saboda haka a cikin kwanbatar akwai ƙwaya mai fassara tsakaninsu, kuma tana buƙatar wuta. Asali daga fil na 18 na HDMI take sha, mai ba da 5V, amma abin da ƙa'ida ta wajabta wa kati ya bayar a nan 55mA ne kacal, shi ya sa ake ƙara wa wasu kwanbatocin wayar USB. To ga USB ɗinka ba ya mutuwa saboda 5VSB ɗin da Malam DanBirni ya yi bayani. Kwamfuta ta kwanta, kwanbata na nan ido biyu, wasu kuma an ƙera su ne su ci gaba da fitar da siginar daidaitawa ko babu hoton da ke shigo musu.

Bayan ka kashe, ka zare 'yar wayar USB ɗin kaɗai. In monitar ta kwanta cikin daƙiƙa biyar zuwa goma, ka gano. Sai ka gwada aiki da kwanbatar ba tare da USB ba, katunan tebur da dama suna ba da wutar da ta ishe ta ta HDMI. In hoto ya fara ƙyaftawa ko ya ƙi fitowa, ka mayar da USB ɗin ka kunna ErP. Abin da ba za ka yi ba shi ne soka ta a cajar waya ta bango, don a nan ba za ta taɓa mutuwa ba.

A kula kuma da abin da monita ke rubutawa, don ba duka saƙonnin ne ɗaya ba, kuma mutane na haɗa su wuri guda. No Signal ko Entering Power Save na nufin ta san akwai waya, hoto ne babu, kuma wannan daidai ne bayan kashewa. Check Signal Cable ko No VGA Cable, musamman in akwatin rubutun na yawo a allo, na nufin a ganinta ba a haɗa waya ba ma. Monitoci da yawa suna gane an haɗa waya ne ta fil guda da ke taɓa ƙasa a ɓangaren kwamfuta, a littattafan Dell za ka ga fil na 5 an rubuta masa Self-test. In wannan fil ya lanƙwashe, ko ya karye, ko siririyar wayar kasuwa ba ta da zarensa, sai monita ta yi ta nuna akwatin gwaji maimakon ta kwanta. Out of Range kuwa hoto na zuwa, girmansa ko saurinsa ne ya fi ƙarfinta.

Ka haska kan wayar VGA da tocilan. Fil 15 ne a layi uku, kuma a tsofaffin wayoyi rashin na 9 ba lalacewa ba ce, haka aka yi su. Wanda ya lanƙwashe ana miƙar da shi a hankali da bakin fensir mai turawa wanda aka cire wa gawayi, sau ɗaya, domin in aka yi ta lanƙwasa shi karyewa zai yi. Na 12 da na 15 ta cikinsu monita ke aika bayanin kanta, wato EDID, sunanta da girman hoton da take ɗauka. In suka samu matsala za ka ga Windows ta kira ta Generic Non-PnP Monitor, hoton ya koma 1024 a 768 bayan kowace kunnawa. A ɗaure sukurorin gefen nan biyu da yatsa har su tsaya, ba a barin kan VGA yana lilo.

MaiSoda

Malam, jan wutar da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ya kamata a fara gyarawa, don shi ne ke ƙona ramukan HDMI.

A cikin fawa-fak da cikin monita akwai ƙananan kafasita masu tace hayaniyar lantarki, an haɗa su daga layin wuta da na nutural zuwa jikin ƙarfen na'urar. An yi su ne da nufin 'yar wutar da ke yoyo ta cikinsu ta bi wayar at, wato earth, ta shige ƙasa. Inda soket ba shi da at, ko ekstenshan ɗin zare biyu ne a ciki duk da ramuka uku da ke fuskarsa, wanda ya yi yawa a gidaje da shagunanmu, jikin kwamfutar sai ya tsaya a kusan rabin wutar bango. A kan 230V, mita za ta nuna maka wajen 100V zuwa 115V tsakanin akwatin da ƙasa. Ƙarfinta kaɗan ne, shi ya sa yatsa ke jin tsikari kawai. Amma ƙwayar da ke bayan ramin HDMI da 3.3V da 5V take aiki. In kwamfuta na wani soket, monita na wani, ɗaya da at ɗaya babu, ka soka waya suna jikin wuta, fil ya riga ƙarfen kan taɓawa, wannan bambancin ta cikin ƙwayar zai bi.

Auna soket ɗin da mita a kan AC. A filogi mai ƙafa uku, doguwar ƙafar sama ita ce at. Tsakanin wuta da nutural ka ga wajen 230, tsakanin wuta da at ma kusan haka, tsakanin nutural da at kuma 'yan volt kaɗan. In wuta da at suka ba ka sifili ko wata lamba mai yawo, babu at a nan. A yi awon lokacin wutar NEPA, domin ƙananan janareto da yawa nutural ɗinsu ba a haɗe yake da ƙasa ba, za su ba ka kusan rabi da rabi su rikita ka. Gyaran na mai wayarin ne: sandar at a kafe a ƙasa mai danshi, a jawo zare zuwa soket. Kada kowa ya ba ka shawarar haɗa at da nutural a bayan soket. Ranar da nutural ya tsinke a hanya, ko aka juya wayoyi wajen sauyawa zuwa janareto, jikin kwamfutar gaba ɗaya zai ɗauki cikakkiyar wuta.

Kafin a yi wannan, kwamfuta da monitocin biyu su sha daga ekstenshan guda mai zare uku na gaske, kuma a kashe shi daga bango kafin a soka ko a zare HDMI ko VGA. Gwajin da Injiniya ya ce a yi monita na kunne, a yi shi sau ɗaya, a riƙe robar kan wayar.

Abu na ƙarshe, in an canza waya amma babbar ta ci gaba da ƙyafta fitila, ko da safe sai ta daɗe kafin ta kama, ko hoto ya fito daƙiƙa biyu ya ɗauke, a zare mata duk wayoyin hoto a kunna ta ita kaɗai. Lafiyayya za ta nuna tambarinta, ta rubuta babu waya, ta tsaya cak. Wadda ta ci gaba da ƙyaftawa ita kaɗai, allon wutarta ne, kuma galibi kafasitocin ɓangaren fita ne suka kumbura, irin 470µF ko 680µF ko 1000µF masu 16V ko 25V. Ana canza su da masu µF iri ɗaya, volt daidai ko sama, masu jure 105°C, a kula da ƙafar da ke da zanen ragi. Babbar kafasitar ɓangaren shiga mai 400V ko 450V tana riƙe fiye da 300V bayan an zare filogi, wanda bai saba sauke ta ba ya kai wa mai gyara.

Abu_Hanan

Allah Ya ƙara ilimi, na gode ƙwarai da gaske. Ga abin da na samu. Up time ya nuna kwana shida, na kashe Fast Startup. Na yi gwajin Injiniya, ina zare DisplayPort fitilar ta mutu. Hajiya, naki ma haka ya fito, da na cire USB ƙaramar ta kwanta, amma ba USB hoton yana ƙyaftawa, don haka na mayar na kunna ErP, yanzu tana kwanciya da kanta. Soket kuwa babu at, na yi magana da mai wayarin.

Saura tambaya biyu. Na ga ana cewa a liƙe fil na 20 da salatif, ya halatta ko in sayi wata wayar? In saye ne, ta yaya zan gane mai kyau tun a shago? Sannan na ari wata wayar DisplayPort na gwada, farkawar dare ta daina, amma ba na ganin tambarin BIOS, allon baƙi ne sai Windows ta gama shigowa. Da HDMI na shiga BIOS ɗin.

Injiniya_KD

Madalla. Liƙewar tana aiki a ƙa'ida, amma ban ba ka shawararta ba. Faɗin fil ɗin bai kai milimita ɗaya ba, salatif na yau da kullum yana narkewa da zafin kati ya bar danƙo a cikin ramin, in kuma ya zame ya rufe na 18 da ke maƙwabtaka da shi a layi ɗaya, kati zai daina ganin monitar kwata-kwata. Kuɗin waya bai kai na gyaran ramin kati ba.

A shago ido ba ya gane wadda aka haɗa wa fil na 20, don fil ɗin yana nan a kan kowace waya, zaren ciki ne ake bari ko a cire. Kauri da kan zinariya ba shaida ba ne. Ka nemi wadda ke da tambarin shaidar VESA a kwalinta, kuma VESA na da jerin kayan da ta tantance a shafinta na DisplayPort, ana iya duba sunan kamfanin da waya a hannu. Wayoyin da ke zuwa cikin kwalin monitocin ofis na manyan kamfanoni galibi sun cika ƙa'ida, kuma ana samunsu wajen masu sayar da kwamfutocin gwanjo. Mafi tabbas ka tafi da mita, ko ka yi sharaɗi da mai shago cewa za ka dawo da ita in fitilar nan ta sake ci. Tsayi kada ya wuce mita 2 in ba dole. Kada kuma a sayar maka da mai tsada da sunan 8K: hoton 1920 a 1080 kan 60Hz bai kai gigabit 4 a daƙiƙa ba, DisplayPort 1.1 ma tana ɗaukar 8.64, ta 1.2 kuma 17.28.

Rashin ganin BIOS wani abu ne daban. Da farko ka lura cewa in monita biyu na jiki, kati yakan zaɓi rami ɗaya ya nuna BIOS a can, don haka ka duba ko a ƙaramar yake fitowa, ka kuma zare HDMI ka kunna da DisplayPort kaɗai. In har yanzu baƙi ne, ka shiga menu ɗin monitar ka duba sigar DisplayPort da aka sa ta. In 1.4 ce ko 1.3, ka mayar da ita 1.2. Katunan GTX na jerin 700 da 900 da 10 suna da wannan sananniyar matsala da monitocin 1.3 da 1.4, allo baƙi har sai Windows ta shigo, kuma Nvidia ta fitar da manhajar sabunta firmware ɗinsu, wato manhajar da ke cikin katin kansa, a 2018 saboda ita, tana shafinsu. In za ka yi, ka haɗa da HDMI ko DVI, kwamfutar kuma ta kasance a kan UPS ko inbata mai cikakken caji, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutawa na iya kashe katin.

In monitar 1.2 ce tun asali, to nauyin barci ne. Ka nemi DP Deep Sleep ko Power Saving a menu ka kashe, don wasu sukan ɗauki daƙiƙa biyar ko fiye kafin su farka, lokacin kuwa BIOS ya riga ya wuce. Ko ka riga kunna monitar, ka bari ta nuna No Signal, sannan ka danna madannin kwamfutar. Ranar da Windows ta shigo amma allon ya ƙi farkawa, ka danna Win da Ctrl da Shift da B tare, za ka ji ƙara ɗaya, direban hoto ya sake tashi ba tare da ka taɓa waya ba.